Wurin da Ke Gefen Babanku

Rahila, Dauda, saboda ku na zauna rubuta wannan babin, don na gaji da maganar da kuke yi, wai Turawa sun haɗa baki sun rufe makabartar da babanku yake kwance, ni kuma na zuba musu ido saboda kunyar baƙunta. Rahila ma ta faɗa mini ido da ido a kicin ɗinta, da Turancin nan nata mai gudu kamar ana korar ta, ta ce an danne ni ban sani ba. Dauda kuma har yau yana maganar lauya. Ku da kuka sha nonona, yaushe kuka taɓa ganin na ji kunyar Bature? Na tsufa ina aikin nas a asibitocin garin nan, likitocin da na yi wa tsawa ba su ƙirguwa. Ba wanda ya danne ni. Da danne ni aka yi ma da abin ya fi mini sauƙi, don da na sami wanda zan riƙe a zuciya.

Sai na fara muku daga yadda babanku ya shiga cikin mutanen nan, don lokacin kun riga kun bar gida, kuna ta kanku. Ni dai kun san 'yar Kagoro ce, a zumuntar mata na buɗe ido, uwata ce mai buga tulu, ni kuma tun ina yarinya ake ba ni bakin waƙa. A wurina sujadar da ba a yi gumi ba ba a yi ta ba. Babanku Ishaya kuwa mutum ne da za ku wuni ɗaki ɗaya ka manta yana nan. Muna zaune a Springfield a nan Amurka, kowace Lahadi mu tsallaka kogi zuwa cocin mutanenmu a Landover, a shiga da safe, ba a fitowa sai ciki ya fara kuka. Haka muke har shekarar da aka kashe ƙaninsa Bulus a gona, a wani rikici da aka yi a gida. Mutanenmu sun yi mana kara, ba zan ci amanarsu ba, gidanmu ya cika ya batse. Amma kowa ya zo gaisuwa da magana a bakinsa, addu'o'in coci kuma suka yi zafi, ana roƙon wuta ta sauka a kan masu kisan. Ni ina cikin masu cewa amin da ƙarfi. Babanku sai ya dawo gida da ciwon kai, ya kwanta ya juya wa bango fuska, barci kuma ya ƙaurace masa. Wani abokin aikinsa ne ya ba shi labarin 'yan Kweka, wata ɗarikar Kirista, waɗanda ke kiran kansu Abokai, wata Lahadi ya sa rigarsa ya tafi shi kaɗai. Da ya dawo na tare shi a bakin ƙofa.

"Baban Rahila, wane ne fastonsu?"

"Ba su da fasto."

"To wa ke yin wa'azi?"

"Ba a sa kowa. Wanda ya ji Ruhu ya ba shi magana sai ya tashi ya faɗa. Yau ba wanda ya tashi."

"Waƙa fa?"

"Babu."

"Ikon Allah. To me kuka yi tun safe?"

"Mun zauna."

"Zama? Kujerun gidanka ƙaya gare su?"

Ranar dai ya ci tuwo har da ƙari, ya kuma yi barcin rana. Wannan ne ya sa na ce sai na je na ga abin da idona. Wani ɗan gidan jan bulo ne can gaba da Springfield, a cikin itatuwa, da makabarta a bayansa. A ciki ba gicciye, ba mumbari, ba ganga, sai dogayen bencina suna fuskantar juna, da tsofaffi masu farin kai sun sunkuyar da ido. Na shiga da ashobin zumunta da ɗaurin ɗankwali mai tsayi, na zauna ina jiran a fara, ashe an riga an fara. Shirun ya kai har ina jin kukan cikina, na tabbata na kusa da ni ma yana ji. Can wani dogon tsoho mai suna Walta ya miƙe, ya ce ya lura tumatirinsa ba ya nuna da wuri don ya tsaya yana kallonsa, ya koma ya zauna. Na ga dai an yi magana a gidan Ubangiji ba wanda ya amsa, sai na ce amin da muryata ta zumunta. Babanku ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. Da lokaci ya yi, wata tsohuwa 'yar siririya ta juya ta miƙa wa na kusa da ita hannu, suka gaisa, sai kowa ya shiga gaisawa da na gefensa. Haka suke tashi daga sujada, ba albarka, ba ƙararrawa, kuma muddin hannun nan biyu ba su haɗu ba, ba a tashi ba.

Tsohuwar nan ita ce Magret. Suna kiranta akawu, don ita ke riƙe da zaman shawara tana rubuta abin da aka tsayar, amma ba ta fi kowa ba, ita ma tana wanke kofuna. Ta girme ni nesa ba kusa ba, don haka na ce mata Mama. Ta ce su ba sa sa wa kowa laƙabi, in kira ta Magret kawai. Na ce bakina ba zai iya ba, a garinmu mari ake sha a kan haka. Muka yi ta ja har ta gaji ta bar ni. Na yi musu da ita a kan abubuwa da yawa. Ba sa baftisma da ruwa, ba sa cin jibin Ubangiji, ba sa rantsuwa ko a kotu, ba sa yarda da yaƙi ko wane iri ne. Babban abin da suka riƙe shi ne akwai hasken Allah a cikin kowane mutum. Na tambaye ta ko har da wanda ya sare Bulus a gona, ta ce har da shi. Ranar ban sha shayinsu ba. Na raba Lahadina biyu, wata Landover wata wurinsu, mutanenmu suna yi mini tsiya wai mijina ya shiga cocin kurame, ni ma ina taya su dariya. Amma babanku ya dawo mutum a cikin shirun nan, wannan ko maƙiyinsu ba zai musa ba.

Rasuwarsa kun san ta, ba sai na tona muku ba. Abin da ba ku sani ba shi ne wayar da na yi da wansa, Yaya Luka, kafin jana'iza. Babanku ya riga ya gaya mini tun yana da lafiya cewa a bayan gidan taron nan yake so a sa shi, inda duwatsun kaburbura duk tsayinsu ɗaya, gajeru, ba a rubuta komai sai suna da shekara. Yaya Luka kuwa ya kira daga gida ya ce a sa gawa a jirgi, an riga an nuna wuri kusa da Bulus da mahaifinsu.

"Saratu, za ki bar ɗan'uwana shi kaɗai a cikin baƙi? Wa ya sani a can? Wa zai share masa kabari?"

"Yaya, ba shi kaɗai ba ne. Sun bar mini wuri a gefensa, na gani da idona. In lokacina ya yi, nan zan kwanta."

"Kin yi mini alkawari?"

"Na yi, Yaya."

A kan wannan maganar ya haƙura, kuma a kanta ni ma na tsaya da ƙafafuna. Daga nan na daina raba Lahadi. In an tashi daga sujada sai in zaga baya, in shimfiɗa zanena a kan ciyawar wurin da aka bar mini, in ba babanku labarin mako da babbar murya: wa ya haihu, wa ya yi faɗa da wa, abin da jikokinsa suka ɓarnata. Yana amsa mini kamar yadda ya saba yi yana da rai. A hankali shirun ɗakin nan ya daina cizona. Ban ce na zama irinsu ba, har yau ina waƙa a mota, amma na koyi zama, kuma wani lokaci nakan ji kamar akwai wanda ke zaune tare da mu.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ta zo bayan mun ragu ƙwarai. Wasu sun rasu, wasu 'ya'yansu sun kwashe su zuwa wasu jihohi, matasa kuma ba sa zuwa. Da kyar muke cika benci biyu, ni ce ƙarama a cikinsu, ku auna. Rufin yana yoyo, an ajiye bokiti a tsakar ɗaki, na'urar ɗumama ɗaki ta mutu an gyara ta sake mutuwa, yawancinsu kuma ido ya hana su tuƙi. Sau ɗaya a wata, bayan sujada, ake zaman shawara, shi ma cikin shiru ake yin sa, mutum ya yi magana a dakata kafin wani ya tashi. A wani zama na farkon bazarar ƙasar nan, da sanyi ya wuce, aka kawo maganar ajiye taron. Su ba sa cewa rufewa, sai su ce ajiyewa, kamar kayan da aka daɗe ana ɗauke da shi. Za mu koma babban taron Abokai da ke cikin birnin Washington, gidan kuma a ba wata ƙungiya mai koya wa sababbin zuwa Turanci tana raba musu abinci. Babban taron ya yarda zai kula da makabartar, ya yanke ciyawa, ya gyara shinge, amma da sharaɗin ba za a ƙara binne kowa ba, don ba su da mutanen da za su riƙe wannan aikin. Mama Magret ta karanta, ta ɗaga kai ta tambaya ko zuciyar kowa ta kwanta da haka. Na ga kawuna suna gyaɗawa. Na miƙe.

"Ban yarda ba. Mijina yana bayan ɗakin nan, wurina yana gefensa. Ban yarda ba."

Na gyara tsayuwa ina jiran a taso mini, don na zo da amsar kowa a bakina. Aka yi shiru mai tsawo, sannan Mama Magret ta rubuta wani abu ta karanta.

"Ba mu sami haɗin kai ba. Za mu sake zama a kai wata mai zuwa."

Sai a ranar na gane cewa mutanen nan ba sa kaɗa ƙuri'a. Na daɗe ina cikinsu amma ban taɓa ganin an saɓa a kan babban abu ba. A wurinsu ba rinjaye ake nema ba, nufin Allah ake nema, kuma tunda haskensa yana cikin kowa, mai yiwuwa mutum ɗayan da ya ƙi shi ne ya gani daidai. Saboda haka in mutum ɗaya ya tsaya a hanya da gaske, ba a wucewa. Gaskiya da farko daɗi na ji. Rahila, kin tuna na kira ki ina dariya, na ce ni kaɗai na taka wa Turawa birki? A cocinmu da dattawan ikilisiya sun shiga ɗaki sun fito da hukunci, mace irina sai dai ta yi gunaguni a wurin wanke tukwane. Nan kuwa maganata ta tsayar da kowa, na koma gida ina jin kaina.

Wata ya zagayo, aka sake tambaya, na sake cewa ban yarda ba, aka sake ɗagawa. Haka bazara ta wuce, zafi ya zo ya wuce, ganye ya yi ja ya zube. Ina ta sa ido in ga wanda zai canja mini fuska, ko ya daina gaishe ni, ko in ji an yi ƙus-ƙus in na shigo. Ban samu ba. Walta ya ci gaba da kawo mini tumatir a jakar takarda. Da na yi mura, miya suka aiko mini har gida. Wannan kirkin nasu ya fi zagi ciwo, don in an zage ka ka san abin da za ka yi da bakinka. Sai sanyi ya shigo, na'urar ɗumama ɗaki ta mutu mutuwar ƙarshe. Muka koma zama da manyan riguna da barguna a cinya, numfashin kowa yana fita kamar hayaƙi, ruwa yana ɗiga a bokiti. Walta ya fara zuwa da sandar nan mai ƙafa huɗu da robar iska a hanci, jikarsa ta sauke shi ta koma mota ta jira. Ni nas ce, na san abin da irin sanyin nan ke yi wa huhun tsoho. Ina zaune ina jin tarinsa, na san saboda ni yake wurin. A zaman watan Kirsimeti haƙurina ya ƙare, na tashi na yi musu ihu a ɗakin da ba a ɗaga murya.

"Don Allah ku kaɗa ƙuri'a ku kayar da ni! Kun fi ni yawa, ku ɗaga hannu a gama! Me ya sa kuke azabtar da ni haka?"

Mama Magret ta bari sai da numfashina ya dawo.

"Saratu, in mun kayar da ke, mun gama da maganar gini amma mun rasa ki. Kuma ba mu tabbata ba ke ce mai gaskiya ba. Za mu jira."

A ranar ne, da take magana haske yana dukan fuskarta, na lura farin idonta ya koma rawaya, zoben aurenta kuma yana yawo a yatsa. Cikin makon na dafa faten acca mai ruwa-ruwa na kai mata gidanta a Annandale da rana. Ta sha cokali biyu don kar in ji haushi, ta ajiye. Na san mijinta Tom yana kwance a makabartar nan, 'yan taku kaɗan daga babanku, ita ma an bar mata wuri a gefensa tun kafin mu san garin nan. Na ja kujera kusa da ita.

"Mama Magret, ni nas ce, kar ki ɓoye mini. Me likita ya ce?"

"Ya ce wataƙila in ga furen bazara, wataƙila ba zan gani ba."

"To ki kwantar da hankalinki. Zan riƙe ƙofar nan da haƙorana har ki shiga gefen mijinki. Ba mai rufe ta ina raye."

Na zaci za ta rungume ni. Tunda na san matar nan ban taɓa ganin ɓacin ranta ba sai ranar. Ta dafa tebur ta dube ni.

"Kar ki kuskura, Saratu. Kar ki sa ni a cikin wannan. Abin da ake tambaya a ɗakin nan ba abin da Saratu ke so ba ne, ba kuma abin da Magret ke so ba. Ana tambayar abin da Allah ke so a yi da gidan ne. In kin zauna shiru kin ji Shi ne ya ce a'a, ki ci gaba da cewa a'a, zan zauna cikin sanyin nan tare da ke har in mutu, ba zan yi ƙorafi ba. Amma in ni ce kike ji, ko Ishaya, ko kanki, to akwai wata hanya."

Ta bayyana mini abin da suke kira tsayawa gefe. Mutum ya faɗa a fili cewa zuciyarsa ba ta yarda ba, a rubuta haka, amma ya ce ba zai tare wa jama'a hanya ba. Ba a tilasta wa kowa, ba a ma roƙon kowa, mutum ne ke yi da bakinsa. Na ce mata wannan ai yanka kai ne da wuƙar kai. Sannan na yi mata tambayar da ke cina.

"Ke ba kya son kwanciya kusa da shi ne?"

"Ina so. Ba ranar da ba na tunanin wurin nan."

Ta faɗi haka hawaye yana bin kumatunta, ba ta share ba. Na ɗauki kwanona na fita ko sallama ban yi mata ba, na zauna a mota na yi kuka har gilashi ya yi hazo. Na ji haushinta ƙwarai, don ta ƙwace mini dalilin da na samu mai kyau, ta bar ni da nawa tsirara.

Kar ku ce na ga wahayi ko na ji wata murya, ba abin da ya faru irin wannan. Ranakun Lahadin da suka biyo baya na zauna a bencin nan na kasa kunne iyakar iyawata, ina roƙon Ubangiji ya ce mini a'a, ko sau ɗaya, in tashi in faɗa da gaba gaɗi. Abin da nake ji shi ne muryar Yaya Luka, da tawa muryar, da tarin Walta, da ɗigar ruwa a bokiti. Ina son wurin nan kamar raina, alkawari kuma na yi, waɗannan duk gaskiya ne. Amma in tashi a gaban mutanen da ba sa rantsuwa saboda maganarsu ɗaya ce, in ce Allah ne ya hana, wannan bakina ya kasa. Na zaga baya, dusar ƙanƙara ta rufe duwatsun duka, sai da na share da hannu kafin na sami sunansa. Na gaya masa komai, na ce in yana da magana ya yi ta yanzu. Kun san babanku.

A zama na gaba, da aka yi tambayar, na miƙe na riƙe bayan benci.

"Zuciyata ba ta yarda ba, kuma ba na jin za ta taɓa yarda. Amma ba zan iya cewa Allah ne ya hana ba. Na tsaya gefe."

Mama Magret ta rubuta, ta karanta da sunana a ciki. Ba wanda ya yi murna. Walta ya cire tabarau ya rufe fuska da hannu. Da yamma na kira Yaya Luka na gaya masa da bakina, don kar ya ji a wurin wani. Ya ce da ya san haka ne da ko bashi zai ci sai ya kawo ɗan'uwansa gida, ya ce na ci amana. Bai ƙara ɗaukar wayata ba har ya rasu. Mutanenmu na Landover ma da labari ya kai musu, wasu suka ce abin da ke samun mai bin baƙi ke nan.

Sujadar ƙarshe an yi ta ne kafin sanyi ya gama tafiya. An kawo Mama Magret a keken marasa lafiya, ta ce a ajiye ta kusa da ni. Ba wanda ya tashi ya yi magana ranar, ko Walta. Ina kallon tagar da ke fuskantar makabarta, ina jin numfashinta a gefena yana fita da kyar. Da lokaci ya yi, sai na ga ta zaro hannunta daga cikin bargo ta miƙo mini. Ni ta zaɓa. Na san muddin ban kama ba, taron bai tashi ba, gidan yana nan, makabartar tana buɗe, wurina yana jirana, nata ma yana jiranta. Na zuba wa hannun ido. Yana ta rawa a iska, ta kasa riƙe shi sosai, amma ba ta janye ba, ba ta kuma ce mini komai ba. Duk ɗakin suna jira, kuma na san da zan kai yamma a haka za su jira. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na kama shi da hannuna biyu. Sanyi ƙalau, ba nauyi, kamar na jariri.

Ta ga furen bazara, amma ta taga. Bayan 'yan makonni ta rasu, aka kai ta wata babbar makabarta a bakin babban titi, inda ƙarar motoci ba ta yankewa, a tsakanin mutanen da ba ta taɓa sani ba. Da na ƙara riƙewa kaɗan, da tana gefen Tom yanzu. Na sha juya wannan a raina, har yau ban san ko abin da na yi shi ne daidai ba, na dai san ba ƙarya a cikinsa. Walta bai kai sanyi na gaba ba. Babban taron cikin birni na je sau da yawa, mutanen kirki ne, amma shirunsu ba irin namu ba ne, ko kuwa kunnena ne ya tsufa. Gidan jan bulo yanzu cike yake da hayaniyar yara da ƙamshin abincin ƙasashe, an gyara rufin. Ana yanke ciyawar makabarta kamar yadda aka yi alkawari. In Dauda ya sami sarari ya kai ni, har yanzu a kan wurin nan nake shimfiɗa zanena, sai dai labarin da nake ba babanku ya ragu.

To ga abin da nake so ku riƙe. Dauda, ka bar maganar lauya, ba wanda za ka kai ƙara sai uwarka. Kar ku tone babanku, yana inda ya zaɓa, ga Tom nan kusa da shi, su biyu marasa magana, na san suna zaman lafiya. Ni kuma kar ku sa ni a jirgi. Na je makabartar bakin titin nan na duba, akwai sarari kusa da Mama Magret, can za ku kai ni, don ita ce ba ta da kowa. Ku sa dutse gajere, suna kawai. Ku kira matan zumunta su zo da tulunsu su yi waƙa har a ji su a kan titi, bayan sun gama ku zauna shiru ko na ɗan lokaci ne, sannan ke Rahila ki miƙa wa ƙaninki hannu. Gefen babanku kuwa ku bar shi da ciyawarsa. Ni na bar shi, da bakina da hannuna, kuma har yau yana yi mini ciwo.